Idan ciwon taɓin hankali ya tashi: asibiti ko gida?

An saba cewa da zarar ciwon mai taɓin hankali ya motsa, sai a garzaya da shi asibiti a ba shi gado. A Ingila an daɗe ana bin wata hanya dabam: tawagar ma'aikatan lafiya ce ke zuwa har gida, dare ko rana. Nas ta shigo ta zauna da mara lafiya, ta ga ya haɗiye maganinsa, ta tambayi uwa ko mata ko ya yi barci, ko ya ci abinci. Wani lokaci sau biyu a yini, har sai ƙura ta lafa. A shekarar 2000 gwamnatin Birtaniya ta tsara kafa irin waɗannan tawagogi 335.

To, shin wannan hanya ta fi kwantarwa a asibiti? Masanan ƙungiyar Cochrane sun tattara gwaje-gwaje 8 da suka shafi mutum 1,144, suka fitar da sakamako a 2015. Akwai alamun cewa waɗanda aka kula da su a gida ba su yawan komawa gadon asibiti, iyalansu sun samu sauƙin ɗawainiya, kuma kowa ya fi gamsuwa. Ta fuskar mace-mace kuwa, ba a ga bambanci ba.

Sai dai gwaje-gwajen ƙanana ne, wasu ma tsofaffi, kuma duk a ƙasashe masu arziki aka yi su. Wanda ke neman halaka kansa ko raunata wani, a kai shi asibiti nan take.