Ko Kun Sani? Tsagar Ƙasar Jazira da Lissafin Masu Haƙar Mai

Da rani, baƙar lakar Jazira a Sudan takan dare har hannu ya shige. Manoman Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa kusa da Sinnar bayan yaƙin Burmi na 1903, sun san ruwan farko ta waɗannan tsagogi yake kwarara ƙasa.

Faɗin tsaga shi ne komai. Idan ya ninka sau biyu, ruwan da zai ratsa ta yakan ninka sau takwas. Idan sau uku, ya kai sau 27. Da wannan ƙa'ida injiniyoyi ke kwaikwayon tafiyar ruwa a kwamfuta kafin su fasa dutsen ƙarƙashin ƙasa don fito da mai da iskar gas, dabarar fasa dutse da ruwa da aka fara gwadawa a Kansas ta Amurka a 1947. Wahalar lissafin ita ce ruwan da kansa yana buɗa tsagar, tsagar kuma tana sauya gudunsa. Sukan kuma haɗa ruwan da yashi, ya tokare tsagar kada ta rufe.

A Jazira akasin haka ake gani, kuma a ganina ya fi ban mamaki: laka na shan ruwa sai ta kumbura ta toshe tsagar. Saboda haka magudanan da ake shayarwa daga madatsar Sinnar tun 1925 ba su buƙaci shafen siminti ba, ruwa kaɗan ne ke tsiyayewa.