Ƙa'idojin Zance Tsakanin Ƙaramar Ƙwaƙwalwar Lantarki da Allon Rediyo: Misali Daga nRF24L01+

1.0 Gabatarwa

Na'urar da ke aika saƙo ta iska zuwa ɗan gajeren zango, kamar linzamin kwamfuta marar waya, takan ƙunshi sassa biyu. Akwai ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki wadda ke yanke abin da za a faɗa, akwai kuma allon rediyo wanda ke watsa shi. Kafin saƙo ya hau iska, sai waɗannan biyun sun yi zance a tsakaninsu ta 'yan wayoyi. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa zancen nan ya rataya ne ga yarjejeniya kan jeri da lokaci, ta yadda saɓa wa ƙa'ida guda kan sa lafiyayyar na'ura ta yi shiru kamar ta lalace. An ɗauki misali daga rediyon nRF24L01+ na kamfanin Nordic Semiconductor da ke ƙasar Norwe, wanda ɗalibai kan haɗa da ƙwaƙwalwar ATmega328P ta allon Arduino Uno.

2.0 Wayoyin Zance

Allon rediyon ƙafafu 8 gare shi. Biyu na wuta ne, huɗu kuma na tsarin SPI wanda kamfanin Motorola na Amurka ya fito da shi cikin shekarun 1980. A wannan tsari ƙwaƙwalwa ce uwar gijiya, rediyo ba ya fara magana. Ta wayar CSN take kiran sa, wato ta saukar da wutar wayar zuwa sifiri, kuma muddin ba ta yi haka ba, duk abin da ta faɗa ya bi iska. Wayar SCK ita ce ke ɗauke da bugun agogo, kowane bugu na rakiyar alama ɗaya, ko 0 ko 1, wadda ake kira bit. Ta MOSI magana ke tafiya, ta MISO amsa ke dawowa. Sauran biyun su ne CE, mai ba da izinin hawa iska, da IRQ, wadda rediyo ke jawo hankalin ƙwaƙwalwa da ita.

3.0 Sigar Umurni

Kowane zance yana farawa da kalmar umurni mai bit 8, wato bayit ɗaya. A cikin rediyon akwai ƙananan ma'ajiyoyi da ake kira rajista, kowace da lambarta da aikinta. Rajista ta 5, alal misali, ita ce ke riƙe da tashar da za a yi amfani da ita daga cikin tashoshi 126, daga megahaz 2400 zuwa 2525. A umurnin karatu da na rubutu, bit uku na farko su ne tamkar aikatau, biyar na ƙarshe kuma tamkar karɓau. Idan ƙwaƙwalwa ta aika 00000101, tambaya take yi: me ke cikin rajista ta 5? Idan kuwa ta aika 00100101, to, sanarwa ce cewa za ta rubuta, sai ta biyo da 01001100, wato 76, rediyo ya koma megahaz 2476. Bit na uku kaɗai ya raba tambaya da umurni, kamar yadda tsawon wasali kaɗai ya raba garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo.

Wani abin lura shi ne, ɓangarorin biyu a lokaci guda suke magana. Yayin da bit 8 na umurni ke shiga ta MOSI, wasu bit 8 na fitowa ta MISO ɗauke da bayanin halin da rediyo ke ciki, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Saboda haka ne ma aka tanadi umurnin 11111111 wanda ba ya aikata komai, amfaninsa kawai a sa rediyo ya yi magana. Sabon rediyon da aka kunna yakan amsa da 00001110. Idan amsar ta zo sifiri zalla ko ɗaya zalla, abin da ya fi dacewa shi ne a koma ga wayoyi kafin a zargi manhaja.

Batun jeri ya fi wannan rikitarwa. A cikin bayit guda, bit mafi daraja ne ke fara tafiya. Amma adireshin rediyo, wanda ke da bayit 3 zuwa 5, daga mafi ƙanƙanta ake fara aika shi. Mai tsara manhaja kan manta da wannan, ya rubuta adireshin a juye. Idan ya yi kuskuren a na'urorinsa biyu, za su fahimci juna sarai, kuskuren ba zai fito fili ba sai ranar da aka kawo ta uku wadda aka tsara daidai. A ranar kuwa, mai gaskiyar ake yawan ɗora wa laifi.

4.0 Lokaci da Wuta

Bayan ƙwaƙwalwa ta zuba saƙo, wanda ba ya wuce bayit 32, ba zai tashi ba sai ta ɗaga CE na aƙalla maikurosakan 10, wato kashi 10 cikin miliyan na sakan. Daga nan rediyo na buƙatar maikurosakan 130 don ya daidaita kafin ya watsa. Tashi daga barci kuma yakan ɗauke shi wajen maikurosakan 1500. Ƙwaƙwalwar da ke bugu miliyan 16 a sakan ta isa ta yi gaggawar da za ta wuce waɗannan iyakoki, kuma rediyo ba zai koka ba.

Haka nan wuta. Rediyon yana aiki ne da bolt 1.9 zuwa 3.6. Wayoyin zancensa suna jure bolt 5 na Arduino Uno, amma ƙafar wutarsa ba ta jurewa. Ko da an ba shi bolt 3.3, wutar kan yi ƙasa a daidai lokacin watsawa, sai a ga rajistoci na amsawa lafiya lau alhali saƙo ba ya isa. Maganin da aka saba shi ne maƙala kafasita mai wajen maikurofarad 10 dab da ƙafafun wutar.

Sai kuma ƙa'idar amsa saƙo. Mai aikawa yakan jira shaidar isowa daga mai karɓa, in bai ji ba ya maimaita, har sau 15 idan haka aka tsara shi. In duk ya faskara, sai ya ɗaga wata alama a rajistar halin da yake ciki, ya saukar da IRQ, ya daina aikawa gaba ɗaya. Saƙon yana nan a layi bai ɓata ba, amma ba zai motsa ba sai ƙwaƙwalwa ta share alamar. Hanyar sharewar ita ce a rubuta 1 a kan alamar da take 1 ɗin. Wanda ya bi hankali ya rubuta 0, zai tarar da ita a ɗage yadda ya bar ta.