Sahihi da Ƙagagge a Mas'alar Haɗa Firinta da Wifi na Gida a Damargu

Tun da akwatunan wifi suka fara shiga gidaje da shaguna a Tanut, da ma Belbeji wadda aka yanke daga Tanut aka mai da ita gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011, maganganu suka yawaita a kan haɗa firinta da su, har ya zamana malamin makaranta mai son buga jarrabawa, ko mai shagon fotokofi, yakan rasa wadda zai kama. Alhali kuwa haƙƙin labari shi ne a yi masa irin abin da malaman hadisi suka yi wa ruwaya, a ware sahihi daga ƙagagge kafin a gina hukunci a kai.

Mafi yaɗuwa ita ce cewa firinta ba ta aiki ta iska sai da intanet, kuma kowane shafi aka buga daga kuɗin data ake zare shi. Wannan batil ne, kuma asalin shubuhar shi ne mutane sun ɗauki wifi da intanet abu guda. Akwatin nan aiki biyu gare shi: yana sada na'urorin cikin gida da junansu, yana kuma buɗe musu ƙofa zuwa waje ta layin Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom, to, takardar da ta tashi daga waya zuwa firinta ta aikin farko take bi, ba ta fita ƙofar gida balle ta kai Damagaram, saboda haka ko data ta ƙare, ko layi ya ɗauke yini guda, bugu ba ya tsayawa. Hasali ma firinta da yawa suna da tsarin Wi-Fi Direct, wanda waya ke magana da su kai tsaye ba tare da akwati ba. Togaciya biyu ce: kwamfuta takan nemi intanet sau ɗaya don saukar da manhajar firintar, sannan waɗansu na kamfanin HP masu tsarin HP+ an sharɗanta musu zama a kan intanet, sai mai saye ya tambaya tun a kanti.

Akwai kuma masu cewa in firinta ta ƙi ganin wifi, ko ta ɓace bayan ta yi aiki, to jabu aka sayar musu, kuma ina ganin an zalunci ƴan kasuwa da yawa da wannan zato. Ƙananan firinta da yawa zangon gigahaz 2.4 kaɗai suke ji, idan kuwa akwatin yana watsawa a zangon 5 kurum, har abada ba za su haɗu ba sai an kunna ɗayan. Ɓacewa kuma sababinta sananne ne: akwatin shi ke raba wa kowace na'ura lambar adireshi, idan wuta ta ɗauke ta dawo yana iya ba firinta wata sabuwa, kwamfuta kuwa tana nan tana neman ta a tsohuwar, maganinsa a keɓe mata lamba tabbatacciya a cikin saitin akwatin. Katangar ƙasa mai kauri da ƙofar ƙarfe su ma suna raunana isharar.

Batun cewa iskar wifi tana jawo cuta ba zan tsawaita a kansa ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2006 cewa babu gamsasshiyar hujja da ke nuna raunanan isharori irin waɗannan suna cutar da jiki. Haka nan ba wifi ke shanye batirin sola ba. Firinta mai garin tawada ce ke jan wuta mai yawa wajen zafafa abin da ke manne garin a takarda.

Amma maganar da ake ɗauka wasa, wato baƙo yana iya kaiwa ga firintar mutum, ita ce sahihiya. A ƙarshen 2018 wani mai kutse ya sa firinta kimanin 50,000 a ƙasashe daban-daban suka buga saƙonsa, don kawai masu su sun bar su a buɗe ga intanet. A 2010 kuwa gidan talabijin na CBS a Amurka ya sayi tsofaffin injinan fotokofi, ya tarar da takardun ƴan sanda da na marasa lafiya ajiye a cikinsu. Abin da ya fi kusa da mu shi ne maƙwabcin da aka ba kalmar sirri don ya yi WhatsApp, domin da ita ya shiga inda firinta take. Idan aka tuna cewa abin da ke ratsa injinan nan takardun haihuwa ne, da katin shaidar ɗan ƙasa, da takardun gona da na rabon gado, za a gane cewa amana ce a wuyan mai shago, ba kayan aiki kaɗai ba.

Don haka ina roƙon duk mai firinta a Damargu ya canza kalmar sirrin da akwati da firinta suka zo da ita, ya ware wa baƙi nasu layin dabam, kuma kada ya sayar da tsohon injin fotokofi sai an goge ma'ajiyarsa.