Aikin da Tarauni ta tura Onarabul ya yi

Mutumin Gyaɗi-Gyaɗi yana da wakilai uku a majalisun dokoki: ɗaya a Majalisar Dokokin Jihar Kano mai kujeru 40, ɗaya a Majalisar Wakilai a Abuja, sai sanatan Kano ta Tsakiya. Tarauni ma ta taki sa'a, domin ita kaɗai ke da kujerarta a Majalisar Wakilai, alhali wasu ƙananan hukumomin sai an haɗa biyu ko uku kafin su sami mutum guda. Amma je ka Court Road ko Kasuwar Tarauni ka tambayi wanda ka fara karo da shi ko wakilinsa na aiki. Zai ƙirga maka taransifoma, rijiyar burtsatse, shinkafar azumi da keken ɗinki. Da wuya ka ji ya ce, "Ya titsiye kwamishina a kan kuɗin magudanar ruwa."

Ƙofar gidan kowane Onarabul da sassafe ita ce shaida. Wannan riƙe da takardar magani daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wancan da katin biki, ga dattijo ya zo da yaro a kan kuɗin jarrabawa. Ba na ganin laifin mai buƙata, yunwa ba ta san tsarin mulki ba. Sai dai wanda ya wuni yana raba dubu biyar-biyar dole ya nemi inda zai mayar da gurbi, kuma galibi wurin waɗanda aka tura shi ya sa wa ido zai nema. Daga nan bakinsa ya mutu.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai ce ɗan majalisa ya gina komai ba. Abin da ya damƙa masa shi ne makullin baitulmali. Sashe na 120 ya hana gwamna taɓa ko sisin kwabo daga asusun jiha sai da amincewar majalisa, in ban da kuɗin da tsarin mulkin da kansa ya ware. Sashe na 128 ya ba ta ikon bincike don bankaɗo cin hanci, sakaci da almubazzaranci, na 129 kuma ya ce ta kira duk wanda take buƙata ya ba da bahasi, in ya ƙi zuwa ta sa a kawo shi. Na Abuja suna da irin wannan iko a sashe na 88 da 89. Kasafin Kano na 2025 ya haura naira biliyan 700. Amincewa da shi a watan Disamba ƙaramin aiki ne. Babban aikin yana tsakiyar damina: nawa aka saki, wa aka ba kwangilar, kwalbatin da aka rubuta a Unguwa Uku ko Darmanawa yana ƙasa ko a takarda ya tsaya? Kowace shekara Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha yana miƙa wa majalisa rahotonsa kamar yadda sashe na 125 ya wajabta, kuma akwai kwamiti na musamman da aikinsa ke nan, ya bi rahoton layi-layi. Wannan kwamiti ya fi kowanne muhimmanci, shi ne kuma aka fi ƙarancin jin ɗuriyarsa a rediyo.

Kada wani ya ce majalisarmu nawa ce da ita. A watan Mayun 2019 cikin 'yan kwanaki ta gama dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye. Ranar 23 ga Mayun 2024 kuma ta soke dokar masarautun, gwamna ya sa hannu a ranar. Ashe in tana so tana iya gudu.

Ayyukan mazaɓu na 'yan Abuja kuwa, an shafe shekaru da dama ana ware musu naira biliyan 100 duk shekara. A Nuwamban 2019 Shugaba Buhari da bakinsa ya ce an kashe kusan tiriliyan ɗaya cikin shekara goma ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. A shekarar ne hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta fara bin sawun waɗannan ayyuka. A bisa ƙa'ida ɗan majalisa yana ba da sunan aiki ne kawai, ma'aikata ce ke bayar da kwangila. Don haka allon da ka gani an kafa da hotonsa a bakin aiki, kuɗinka ne, ba kyautarsa ba.

Maganar fili ta fi zafi, don a Kano babu abin da ke raba zumunci kamarta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da takardar shaidar mallaka a birni, shi ke iya soke ta saboda amfanin jama'a, tare da biyan diyyar abin da aka gina ko aka shuka. Majalisar jiha ba za ta iya gyara wannan doka ba, domin sashe na 315 ya ɗaure ta a jikin tsarin mulki. Amma ma'aikatar filaye, da hukumar tsara birane ta KNUPDA, da hukumar bayanan filaye ta KANGIS duk a gabanta suke kare kasafinsu, kuma tana da ikon ta ce a kawo mata jerin filayen gwamnati da aka yanka, da sunayen waɗanda aka ba, da abin da ya shiga asusu.

Mun ga abin da ke biyo baya idan amana ta zama abin ja-in-ja. Gwamnatin Ganduje ta ba da wurare irin su Otal ɗin Daula da gefen Filin Idi aka yi gine-gine. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, aka sa katafila aka rushe, bisa hujjar cewa an bayar da su ba bisa ƙa'ida ba. 'Yan kasuwar Filin Idi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, a watan Satumba ta ce a biya su naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko kai ɗan wane ɓangare ne, kuɗin nan ba daga aljihun wanda ya bayar ko wanda ya rushe suka fito ba. Daga inda ake sayen kujerun firamare suka fito. Lokacin bayarwa akwai majalisa zaune, lokacin rusau ma akwai. Da an baje takardun a bainar jama'a tun kafin a kafa tubalin farko, da wanda ya sayi shago da kuɗin gadonsa ya san inda yake jefa ƙafa. Kuma a unguwa irin tamu, inda asibitin koyarwa da titin Zariya suka sa kowane taƙi ya zama zinariya, filin ƙwallon yara, gefen makaranta da hanyar ruwa ne ake fara sa wa ido.

Ikon nan yana da iyaka. A 2018, da jaridar Daily Nigerian ta Jaafar Jaafar ta saki bidiyon da ake zargin Gwamna Ganduje da karɓar daloli, zargin da ya musanta, majalisa ta kafa kwamiti ƙarƙashin Baffa Babba Ɗan'agundi. A Disamba Babbar Kotun Kano ta dakatar da binciken, ta ce laifi irin wannan hurumin hukumomin bincike ne. Majalisa ba kotu ba ce, ba ta ɗaure kowa. Abin da take iyawa shi ne ta tona, ta hana kuɗi, ta gyara doka.

Haka abin yake a harkar tsaro. Idan 'yan daba suka tare layi ko aka soki yaro a kan waya, mukan kira Onarabul, alhali ko baturen 'yan sanda na Tarauni ba ya karɓar umarninsa. 'Yan sanda na gwamnatin tarayya ne. Hatta gwamna, sashe na 215 ya ba kwamishina damar ya nemi a fara jin ta bakin Abuja kafin ya bi umarninsa. Hurumin ɗan majalisar jiha shi ne dokoki da kuɗin hukumomin jiha irin su Hisbah da KAROTA, da fitilun titi, da cibiyoyin gyaran masu shaye-shaye, da tallafin 'yan sintiri. Sai kuma abin da ake kira kuɗin tsaro, wanda gwamnoni ke kashewa ba tare da rasit a bainar jama'a ba. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa irin waɗannan kuɗi sun kai dala miliyan 670 a shekara a faɗin Nijeriya. Ba a ce a karanta sirrin tsaro a rediyo ba, amma babu abin da ya hana kwamiti ya zauna a asirce ya duba takardu.

Mai son gwada wakilinsa ba sai ya jira kiranye ba, don sashe na 69 da 110 sun nemi sa hannun fiye da rabin masu rajista, kuma yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi a wurin tantance sa hannun ya mutu a 2018. Hanya mafi kusa ita ce kasafin jiha da rahoton yadda ake kashe shi duk wata uku, waɗanda gwamnati ke sawa a intanet. Ƙungiyar unguwa ta sa ɗalibi ɗaya ya zaƙulo duk layin da ya ambaci Tarauni, su zagaya su gani da ido, su rubuta ƙorafi da sa hannunsu, su ba wakilinsu ya gabatar a zauren majalisa, su ajiye kwafi mai hatimi da kwanan wata.