Mai Ciki Mai Ciwon Suga: Ki Nuna wa Likita Ƙafarki

Matan Gaya da Ajingi masu zuwa awon ciki sun saba da gwajin jini da na fitsari, amma ba kasafai ake cire takalmi ba. Ga wadda ta daɗe da ciwon suga, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Suga yakan ƙuntata jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, ya kuma kashe ji, har ƙaya ta soki mutum a gona bai sani ba.

Gwajin ba ya da zafi. Ma'aikacin lafiya zai taɓa saman ƙafa da bayan idon sawu ya ji bugun jini. Sannan a auna ƙarfin jini a idon sawu da damtse, a raba na ƙafa da na hannu. Ƙasa da 0.9 na nufin jini ba ya isa sosai. Sai dai jijiyar mai suga takan yi tauri ta ba da lamba mai kyau alhali akwai matsala, shi ya sa akan tura wasu Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a duba da na'ura.

Ki faɗa wa likita idan sha-raɓarki na ciwo kina tafiya, ya lafa kin tsaya, ko ƙafa ta yi sanyi, ko gyambo ya ƙi warkewa. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi kuwa daban ne, yana iya zama gudan jini. Ranar za a je asibiti.

Iyaye masu dafa ruwan wankan jego, ku gwada shi da gwiwar hannu. Ƙafar da ba ta ji ba za ta san ta ƙone ba.