Kallon Taurari da Ɗaukar Hotonsu ga Mai Farawa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ba baƙo ba ne a sha'anin sararin samaniya. Da fitowar Gamzaki yake sanin asuba ta gabato, ya kira Zara matar wata, ya kuma raɗa wa wani curin taurari suna Kaza da 'Ya'yanta. Abin sha'awa, Gamzaki da Zara duniya guda ce, wani lokaci ta bayyana da asuba, wani lokaci da magariba. Abin da ya zo daga baya shi ne kallon taurari da na'ura da kuma ɗaukar hotonsu, wanda a yau mutane da yawa ke yi don sha'awa kawai. Wannan babi zai bayyana abin da mai farawa yake buƙata, musamman malamin da za a tura makarantar karkara, inda duhun dare yake fito da taurarin da hasken lantarkin birni ke ɓoyewa.

2.0 Madubin Hangen Nesa

Kalmar madubi an ƙera ta ne daga aikatau "duba", ta hanyar ɗafa mata "ma-" a goshi da "-i" a ƙeya, kamar yadda aka samu mabuɗi da masassabi. Ma'anarta ke nan abin dubawa, don haka ta dace da na'urar ko da babu madubin fuska a cikinta.

A shekarar 1608 ne Hans Lipperhey, wani mai yin tabarau a ƙasar Holan, ya nemi a ba shi haƙƙin mallakar wannan na'ura. Galileo ya ƙera tasa a 1609, kuma a watan Janairu na 1610 ya hango watanni huɗu suna kewaya duniyar Mushtari. Irin tasu da gilashi take tattara haske. A 1668 Isaac Newton ya ƙera wata mai tattara haske da madubi mai zurfi kamar akushi. Waɗannan iri biyu su ne ginshiƙan abin da ake sayarwa har yanzu.

Inda mai farawa ya fi asarar kuɗinsa shi ne wajen ruɗuwa da girmamawa. Sau da yawa akan rubuta a jikin kwali cewa na'ura tana girmama abu sau 500, alhali faɗin bakinta milimita 60 ne kacal. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce, girmamawa mai amfani ba ta wuce ninki biyu na faɗin baki a milimita, wato sau 120 ga irin wannan na'ura. Duk abin da ya haura haka dishi-dishi ne. Ainihin aikin na'urar shi ne tattara haske, kamar yadda babbar roba ta fi kofi tarar ruwan sama. Baƙin idon mutum a cikin duhu yakan buɗe zuwa kimanin milimita 7, ke nan na'ura mai bakin milimita 70 tana tara hasken da ya ninka na ido sau 100. A ganina, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba gara ya fara da abin hangen nesa mai ido biyu, ya san sama tukuna. Idan hali ya samu, sai ya nemi mai madubi da ke zaune a kan akwatin katako, irin wadda John Dobson ya yaɗa a Amurka.

3.0 Ɗaukar Hoto

John William Draper ya ɗauki hoton wata a 1840, ɗansa Henry Draper kuma ya ɗauki na gajimaren taurarin Oriyon a 1880, bayan ya bar idon kyamara a buɗe na minti 51. Wannan dogon jira shi ne tushen matsalar. Hasken taurari rauni gare shi, dole a bar kyamara ta daɗe tana sha, ita kuwa duniya ba ta tsayawa. Tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a. Saboda haka tauraro yakan fito a hoto kamar jan layi maimakon ɗigo. Don kauce wa wannan, akan raba 500 da tsawon gilashin kyamara a milimita, abin da aka samu shi ne kimanin daƙiƙoƙin da za a iya bari. Gilashi mai milimita 50 ba zai wuce daƙiƙa 10 ba.

Wanda yake son wuce haka sai ya sami mazauni mai inji, wanda ke juya kyamara daidai da tafiyar sama. Shi ya sa ƙwararru kan kashe wa mazauni kuɗi fiye da na'urar da ke kansa. Kafin ya yi aiki sai an saita shi da tauraron arewa, kuma a nan ƙasar Hausa tana da tata wahala. Tsayin wannan tauraro daga doron ƙasa daidai yake da nisan wuri daga tsakiyar duniya, don haka a Kano digiri 12 kawai yake tashi. Itacen kuka ko katangar maƙwabci na iya tare shi, balle hazon hunturu. Wata dabarar ita ce a ɗauki gajerun hotuna masu yawa, a haɗa su a kwamfuta da manhaja irin su Siril ko DeepSkyStacker, waɗanda kyauta ake samunsu.

Sai dai malami ba ya buƙatar duk wannan kafin ya fara da ɗalibansa. Wata yana da isasshen haske, ta yadda idan aka kanga kyamarar wayar hannu a gilashin da ake sa ido, ramukansa za su fito. Daren sha huɗu ba shi ne ya fi dacewa ba, domin hasken rana yana faɗa masa gaba da gaba, babu inuwa. Wajen kwana 7 ga wata, duwatsun da ke kan iyakar haske da duhu sukan fito sarai da inuwarsu.

Rana kuwa haramun ce ga wannan na'ura, sai da matacin haske na musamman da ake rufe bakinta da shi. Waɗanda suka shaida husufin ranar 29 ga Maris, 2006, wanda ya ratsa Gana da Nijeriya da Nijar, za su tuna yadda aka yi ta gargaɗi a kan kallonta da ido tsirara. Ta cikin na'ura haɗarin ya fi haka nesa ba kusa ba, domin ƙiftawa ɗaya ta isa ta ƙone idon yaro. Don haka kada malami ya bar na'ura a filin makaranta da rana ba tare da mai tsaro ba.