Yaya Siffar Saƙon da Ke Tashi Daga Waya Zuwa Waya?

A rumfunan masu turi na Ikara ko Hunƙuyi, fim kan tsallaka daga wannan waya zuwa waccan ta Xender cikin ɗan lokaci, ba kebul, ba data. Haka ma waƙa ke isa sifika ta Bluetooth a kasuwar rake ta Maƙarfi. Ido ba ya ganin abin da ke ɗauko su, amma yana da siffa, kuma ana auna ta.

Siffar ta yi kama da kunyoyin gona: tudu, kwari, tudu, kwari. Ƙarfin lantarki ne ke hawa da sauka, yana tafiyar kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa. Bajamushe Heinrich Hertz ne ya tabbatar da samuwar wannan igiya ta rediyo a ƙarshen shekarun 1880. Tsofaffin masu sauraron Rediyon Kaduna sun saba jin "mita 49". To, wannan mitar tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ce. A Bluetooth da wani nau'in Wi-Fi tazarar santimita 12 da rabi ce kacal, ko taƙi ba ta kai ba, domin igiyar na kaɗawa sau biliyan 2.4 a daƙiƙa guda.

Igiyar da ke kaɗawa bai ɗaya ba ta ɗauke da labarin komai. Sai an jirkita ta, kuma a nan kowace na'ura ke da salonta. Da yawa daga rimot ɗin makullin mota kunnawa da kashewa kawai suke yi. A allon awo sai ka ga dunƙulen kaɗawa, sai fili, sai wani dunƙulen. Bluetooth, wadda kamfanin Ericsson na Suwidin ya fara aikinta a 1994, ta fi wayo. A salonta na asali tsayin tudun ba ya canzawa. Matse kaɗawar take yi kaɗan idan tana nufin 1, ta ɗan sassauta idan tana nufin 0. Ba ta kuma zama wuri ɗaya: tana da tashoshi 79, tana tsalle a tsakaninsu sau 1,600 a daƙiƙa, bisa tsarin da na'urorin biyu suka daidaita a kai. Shi ya sa matasa goma za su kunna sifikunsu a dandali ɗaya, waƙar wani ba ta faɗa cikin ta wani ba.

Wi-Fi kuwa, wanda Xender ke hawa, ƙananan igiyoyi masu yawa yake aikawa lokaci guda. Siffarsa a allo tamkar hargitsi ce, amma wannan ne ya sa ya fi Bluetooth saurin turi nesa ba kusa ba.

Me ya sa zangonsu gajere ne? Da gangan aka rage musu ƙarfi. Bluetooth ɗin yawancin wayoyi bai cika wuce mita 10 ba. Sannan ruwa na shanye irin wannan igiya, kwanon rufi da ƙofar ƙarfe kuma suna mayar da ita baya. Jikin ɗan Adam mafi yawansa ruwa ne, rake ma haka. Don haka idan waƙa ta fara sarƙewa a cikin cinkoson ranar kasuwa, ko a bayan lodin rake, kada ka yi saurin zargin mai gyaran waya. Fito da wayar daga aljihun baya, ka matso kusa da sifikar, ka kawar da abin da ya shiga tsakani.